Na Je Kallon Taurari, Na Dawo da Mura

Mako guda na yi ina cika wa mutanen gidanmu na Shara Mansur a Makka kunne da labarin ruwan taurarin Geminids. Daren 13 ga Disamba, in ji ni, sama za ta yi wasan wuta kyauta, har 120 a awa ɗaya idan wuri ya yi duhu sosai. Kawu ya ce tun yana yaro ya san jifan shaiɗanu ake yi. Na gyara zama na ce masa ɓurɓushin wani dutsen sararin samaniya ne mai suna 3200 Phaethon, ƙwaya kamar ta yashi, tana shigowa iskar duniya da gudun kilomita 35 a daƙiƙa, sai ta ƙone. Ya ce, "To Malam, kai mu mu gani."

Fitilun Makka ba sa barin ka ga komai, sai muka hau hanyar Al-Hada wajen Ɗa'ifa. Ni mai ilimin sama na manta da ilimin ƙasa: tsaunin ya kusa mita 2,000, ni kuma daga ni sai jallabiya da silifa. Kawu da ƙanena sun sha rigunan sanyi har da bargo.

Muka shimfiɗa tabarma. Da na sunkuya zuba shayi, sai in ji ƙanena: "Yaya, ga ɗaya!" Kafin in ɗago ta wuce. Na ciro waya don in duba inda za a fuskanta, hasken ya kashe min ido, ga shi ido na bukatar minti 20 kafin ya saba da duhu. Can na hango wata tana tafiya a hankali, na yi kabbara da ƙarfi. Kawu ya ce, "Wannan mai ƙiftawa ja? Jirgin Jidda ne."

Haƙora suna ta kaɗawa, na nannaɗe jikina da darduma, na ce bari in ɗan rufe ido kafin ƙarfe 2, lokacin da abin ke kankama.

Sanyin asuba ne ya tashe ni. Kawu na zaune da carbi, wai da shi ya yi ta ƙirga su har ya zagaye. Gari na wayewa wani gwaggon biri ya sauko daga dutse, ya sure ledar burodin tamis ɗin da na ɓoye don karin kumallo, ya zauna nesa kaɗan yana ci yana kallona.

Har yau idan na yi atishawa, Kawu sai ya ce, "Ga ɗaya!"