Mun ba yaro bulala, muna jiran ya fito shugaba

A lokacin zango na uku, da zarar 'yan aji shida sun duƙufa a kan jarrabawar WAEC, makarantun sakandare ke naɗa sabbin firfet daga cikin 'yan aji biyar. A tara yara a filin asambili, firinsifal ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya, a maƙala wa yaro baji a ƙirji, a tafa. Ga hedboi da mataimakinsa, ga firfet na tsafta, na abinci, na lafiya, na wasanni, har da mai buga ƙararrawa. Abin da nake so mu duba, jama'a, shi ne abin da ake damƙa wa yaron nan bayan an gama tafi. A yawancin makarantun da na sani a nan Sakkwato, na gwamnati da na kuɗi, abu biyu ne kacal: ikon rubuta sunan masu laifi, da ikon hukunta su. Wani wurin a fili ake miƙa masa bulala, wani wurin a kau da kai ya samo tasa. Daga nan sai mu koma gefe muna jiran ya fito shugaba adali.

Ku tuna shekarunsa. Sha shida ne ko sha bakwai. Wannan ne karon farko a rayuwarsa da zai ce wa ɗan wani "durƙusa" kuma ya durƙusa. Me zai fahimta game da mulki? Zai fahimci cewa mai muƙami ba ya ɗiban ruwa, ba ya wanki, ba ya bin layi. Garin kwaki da sukarin da uwa ta ƙulle wa ɗanta a akwati, rabinsa na siniya ne. Shi kuma ƙaramin da ake sa wa tsallen kwaɗo a tsakar ranar Afrilu ba tarbiyya yake ɗauka ba, lissafi yake yi a zuci: bari dai in kai aji shida. Yana kaiwa kuwa sai ya fanshe a kan ɗan da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Shekara ashirin bayan haka wannan yaro ya zama kansila ko darakta a wata ma'aikata, mu kuma mu cika Facebook da kukan shugabanni ba su da tausayi. To ai tun ran gini tun ran zane.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya da su ba, in babu tsoron firfet makarantar sai ta koma kasuwa. Gaskiya ne malamai sun yi kaɗan. Amma hukunci aikin babba ne wanda zai iya amsa tambaya in abu ya ɓaci. In muka ɗora shi a kan yaro don mu huta, ba horar da shi muka yi ba, aikinmu muka sauke masa.

Akwai wani firfet na abinci da na sani a makarantar kwana, ba zan manta da shi ba. Siriri ne, ba shi da wata murya, ban taɓa ganin sanda a hannunsa ba. Al'adar da ya tarar ita ce manya su fara shiga dainin, su zaɓi kwanukan da suka fi cika, 'yan aji ɗaya su tarar da ƙanzo da ruwan miya. Shi sai ya juya abin. Yakan tsaya a bakin ƙofar kicin da ɗan littafinsa, a ƙirga kwanuka a gabansa, teburan ƙanana su fara ɗauka. Ranar da aka yi nama, a gaban idonsa ake ƙirga yanka. Wata rana wani ƙato ɗan ajinsu ya kai hannu zai sure wani kwano, sai ya dafa murfin ya ce masa, "Aje shi. Wanga kwano na 'yan aji ɗaya na." Bai ɗaga murya ba. Ƙaton ya yi ta huci, amma ya aje, domin kowa ya san mai maganar shi ne na ƙarshen cin abinci kullum, wani lokaci ma a tsaye yake ci. Abokansa sun ƙaurace masa na ɗan lokaci. Amma duk wanda ya yi aji ɗaya a shekarar nan, in ya ji an ce firfet ya ce a yi kaza, da gudu yake yi. Bambancinsa da sauran shi ne an ba shi wani abu na gaske ya riƙe, wato abincin mutane, kuma kowa na iya gani in ya ci amana.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: yaro ba ya koyon shugabanci sai an damƙa masa wani abu da zai iya lalacewa a hannunsa. Kuma wuraren da ake samun irin wannan amana a makaranta, wato filin wasa da ayyukan taimakon jama'a da ƙungiyoyin ɗalibai, su ne muka bi muka rufe ɗaya bayan ɗaya da sunan karatu.

Mu iyaye ne muka jawo. Tambayarmu ɗaya ce: kiredit nawa ya samu? Akwai Turanci da Lissafi a ciki? Maki nawa ya ci a JAMB? Makaranta kuwa abin da mai biya ke tambaya shi take sayarwa. Sai aka cire lokacin wasanni aka sa lesin, aka cire ranar ƙungiyoyi aka sa bitar tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Inda abin ya fi muni, sai a tsallake karatun ma gaba ɗaya a shirya satar amsa. Ba na raina jarrabawa, ita ce ƙofar jami'ar Ɗanfodiyo da sauransu. Amma sakamako takarda ce, ba ta faɗa maka ko yaronka zai iya riƙe kuɗin mutane.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, manyan da muke alfahari da su a garin nan daga aji da fili suka fito. Sardauna Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya dawo ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato har zuwa 1934 da aka naɗa shi hakimin Rabah. An san shi da ƙwarewa a wasan Fives, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango, kuma har yau ana buga shi a wasu garuruwan Arewa. Alhaji Shehu Shagari ma malamin makaranta ne, ya koyar a nan Sakkwato da Argungu tun kafin a yi zancen shugabancin ƙasa na 1979. Ba ina cewa makarantun zamanin Turawa aljanna ba ne, bulalarsu ma ta fi ta yau zafi, kuma 'ya'yan talakawa kaɗan ne suka samu shiga. Amma a wurinsu wasan yamma ba ɓata lokaci ba ne, yana cikin tsarin makaranta kamar darasin Lissafi.

Yau fa? Makarantu masu zaman kansu da yawa a cikin gidan haya suke, tsakar gidan ko asambili ba ta ɗauka. Wasu na gwamnati da suke da fili an yanka shi an gina azuzuwa, ko ya zama hanyar 'yan babur. Abin da ya rage shi ne gasar gidaje sau ɗaya a shekara, ita ma ta koma biki. A kafa rumfuna, a ɗinka riguna ja da kore da shuɗi da rawaya, a gayyato mai kuɗi ya zama uban gida, a shafe makonni ana koyon fareti don a burge baƙi. Yaran da za su yi tseren mita ɗari kuwa ranar ce farkon gudunsu a shekarar. Ana gamawa a kulle ƙwallo a ofis sai baɗi.

Alhali ku dubi abin da kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallo ke fuskanta a mako guda. Mutum sha ɗaya ake buƙata, ashirin ke so. Amininsa da suke kwana ɗaki ɗaya ba ya taɓuka komai a baya, wani ɗan aji uku da ba ya ko gaishe shi ya fi shi iyawa. Wa zai sa? In alƙalin wasa ya busa abin da bai gamsar da shi ba, shi ne zai riƙe yaransa kada a yi dambe. In an ci su, shi zai fara miƙa hannu. Babu darasin koyon zama ɗan ƙasa da zai koya masa wannan a kan allo. Kuma kada a ce mini babu kuɗi. Langa ba ta buƙatar ko kwabo, kokawa yashi kawai take so, gudu kuwa ƙafa ce. Zafin garinmu gaskiya ne, daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, ba mai hankalin da zai fitar da yara da azahar. Amma muna da hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, muna da bayan la'asar. In kowace makaranta ta yi wasanninta a waɗannan watanni, a ƙare da gasa tsakanin makarantu a filin wasa na Giginya, yaro ɗan Kwalejin Nagarta ya kara da ɗan Kwalejin Sultan Abubakar, za ku ga yadda garin zai ɗauka. 'Yan mata ma haka, a cikin katangar makarantarsu, da malamai mata. Ban ga uban da zai ƙi wannan ba.

Matsalar lokaci ita ce ta gaske. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, aka rufe wasu makarantun kwana a yankunan da ke fama da 'yan bindiga, har da nan jiharmu, iyaye da dama kuma suka gwammace jeka-ka-dawo. Ɗan jeka-ka-dawo yana tashi ya ci abinci sai Islamiyya, kuma babu mai son a taɓa wannan. Sai dai yawancin Islamiyyu ba sa karatu ranakun Alhamis da Juma'a. Ga yammacin Alhamis nan a zaune, ba mai amfana da shi sai waya da majalisar bakin titi.

Batun taimakon jama'a kuwa, abin da wasu makarantu ke yi yanzu ya fi kama da talla. A ce kowane yaro ya kawo kuɗi daga gida, a sayi katan-katan na taliya da sabulu, a kwashi yara a mota zuwa gidan marayu, a jera marayun a gaba a ɗauki hoto, kafin magariba ya hau shafin makaranta. Allah ya ba da lada, marayu sun samu. Amma ɗalibin me ya yi? Kuɗin babansa ne, tsarin malamai ne, shi hoto kawai ya shiga. Wani ma abin da ya koya shi ne sadaka ba ta cika sai an gani.

Mu da muke da Nana Asma'u bai kamata sai an zo daga wani wuri an nuna mana ba. 'Yar Shehu ce, ta rasu a 1864, kuma tsarin 'Yan Taru da ta kafa har yau ana nazarinsa a jami'o'in duniya. Takan zaɓi mace mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Malfar nan ba ta zama a gida a sa wasu aiki ba ce. Jaji ita ke tattaki tsakanin ƙauye da birni, ta jagoranci mata, ta ɗauko karatu ta kai wa waɗanda ba za su iya zuwa ba. Alamar girma da nauyin hidima tare ake ba da su. Me zai hana bajin firfet ya zama haka? Kowa ya san yara da yawa na shigowa aji ɗaya ba su iya karanta shafi guda a tsanake ba. A ba kowane firfet yara biyar ko shida, ya zauna da su rabin awa sau biyu a mako, a ƙarshen zango a gwada su a gaban malami. Shi kansa zai amfana, domin wanda ya yi fama ya fahimtar da ƙaramin yaro lissafin kashi-kashi ba zai sake mantawa da shi a ɗakin jarrabawa ba. Kuma da wuya ka ga ya zane yaron da ya sha wahalar koya wa karatu.

Haka asusun aji. Naira hamsin a mako ga wanda ya samu, ma'aji ɗalibi, littafi a hannun wani ɗalibin daban, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa duk ƙarshen wata. Wanda takalminsa ya tsinke ko mahaifinsa ya rasu a taimaka masa a asirce, mutum biyu da malamin aji kawai su sani. Wata rana kuɗi za su ɓace, tabbas. Gara su ɓace yanzu suna naira dubu biyu, a zauna a bi diddigi, yaro ya ji kunyar da ba zai so ya sake ji ba. Ƙungiyoyin da za su riƙe irin wannan ma muna da su, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS tun 1954 take, ga Red Cross, ga 'yan sikawut. A makarantu da yawa suna ne kawai ya rage a jikin allon sanarwa.

Sannan a daina naɗa firfet don girman jiki, ko don shi ke ɗaukar wa malam jaka. Malamai su tace, amma a bar ƙananan aji su jefa ƙuri'a, tunda su za a mulka, kuma a sanar tun ranar naɗi cewa wanda ya daki yaro ko ya karɓe masa abinci za a cire bajin a filin da aka maƙala shi.

A 2015 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma tun daga lokacin yawancin zancenmu a kan gine-gine ne da yawan yaran da aka sa makaranta da sakamakon jarrabawa. Duk suna da muhimmanci. Amma abin da nake magana a kai ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Ina kira musamman ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, mu da muke tara kuɗi duk shekara mu gina ƙofa mu rubuta sunan ajinmu a sama. Kuɗin fentin ƙofar nan kaɗai zai sayi ƙwallaye da raga da usur, ya kuma biya malami ɗaya ɗan alawus na zangon hunturu don ya tsaya da yara ranar Alhamis bayan la'asar.