Hotunan duniyoyi: kada a raba hoto da bayaninsa

Duk lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saki sabon hoton wata duniya sai ka ji ana cewa ai fotoshop ne kawai, a kwamfuta Turawa ke haɗa abinsu. To gaskiya ana taɓa kalar hotunan nan, ba a ɓoye ake yi ba, amma ni dai ban yarda a kira shi ƙarya ba kuma labarin duniyar Neptune ne hujjata.

A watan Agustan 1989 kumbon Voyager 2 ya gitta ta kusa da Neptune, har yau shi kaɗai ya taɓa isa can. Hoton da ya zaga duniya shuɗi ne tsantsa kamar shaddar da aka tsamo daga marina. Da gangan masanan suka ƙara wa kalar ƙarfi don gajimare da guguwar da ke jikinta su fito sosai, kuma sun faɗi haka a bayanin hoton, sai dai aka yi ta kwafar hoton ana watsar da bayanin, jaridu da littattafan makaranta daga baya intanet, har shekara talatin da ɗoriya kowa ya haddace cewa haka Neptune take. Sai a Janairun 2024 Farfesa Patrick Irwin na jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka sake lissafin kalar, suka nuna shuɗinta mai haske ne da ɗan kore-kore, kusan iri ɗaya da maƙwabciyarta Uranus. Ka ga masanan ne da kansu suka tono gyaran, ba wani ya kama su ba.

Hotunan James Webb kuma, wato madubin hangen nesa da ke can sararin samaniya, wata magana ce daban. Shi galibi wani irin haske yake kamawa wanda idon ɗan Adam ba ya gani kwata-kwata, dole sai an ba shi kala kafin mu gani, kamar dai hoton ƙashi a asibiti, ba wanda ke ce wa likita ya yi ƙarya don ƙashin ya fito fari a baƙar leda. Da wannan hasken ne a Satumbar 2022 ya nuno siraran zobban da ke kewaye da Neptune, tun 1989 ba a gan su tas haka ba. Wallahi na daɗe ina kallon hoton nan.

Abin da ke damuna shi ne yanzu ga hotunan AI sun cika Facebook da TikTok, ana jera su da na gaske ba tambari ba komai, yaro ba zai iya bambancewa ba. Don Allah masu shafukan labarai na Hausa, in za ku sa hoto ku rubuta kumbon da ya ɗauka da shekarar, in an ƙara kala ku faɗa, layi biyu ne fa. Mai shakka kuma ya leƙa shafin kyamarar JunoCam ta kumbon Juno da ya fara zaga duniyar Mushtari (Jupiter) a 2016, ɗanyen hoton na nan kyauta kafin kowa ya taɓa shi.