Kwali ba ya gaya maka abin da ke cikin kwalba

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin haɗa magunguna a Ingila, kuma abin da ke damuna idan ana zancen maganin jabu da 'yan uwa a Kaduna shi ne shawarar da kowa ke bayarwa: "Ka dai duba kwalin da kyau." An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A harkar sinadari ko ƙimar bai sani ba.

Ku tuna da My Pikin, maganin haƙoran jarirai na 2008. Yara sama da 80 suka rasu a Nijeriya, kuma asibitin koyarwa na ABU Zariya na cikin wuraren da aka riƙa kai su, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Gubar da ta kashe su, diethylene glycol, ruwa ce garau mai ɗan kauri da zaƙi-zaƙi, sak sinadarin da ya kamata a zuba. Duk daɗewar mai kemis a Kasuwar Gumi, wallahi ba zai bambance su ba.

A nan Ingila, gangar sinadari ba ta shiga wurin haɗi sai an ɗebi samfur. Ɗigo ɗaya ake yi wa na'urar GC, mai rarrabe sinadarai, allura da shi. Zafi ya mai da shi tururi, iskar gas ta tura shi cikin siririn bututu naɗaɗɗe mai tsawon mita 30, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, ya bar tsini a allon kwamfuta. Tsinin gubar nan ya haura kashi 0.1 cikin ɗari, an killace gangar ke nan, babu roƙo babu "a yi haƙuri".

Mu ma ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. ABU da Kadpoly suna yaye masana sinadarai duk shekara, NAFDAC kuma tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Sai dai na'ura irin wannan tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da gas mai tsabta, da injiniyan da zai zo idan ta tsaya. Nan ne muke faɗuwa.

Kuma hukuma ba za ta iya bin kowace kwalba ba. A 2022 irin wannan guba ta sake kashe yara wajen 70 a Gambiya. Ni dai a ganina, duk kamfanin da ba zai iya nuna sakamakon gwajin kowace ganga ba, a hana shi haɗa maganin ruwa na yara.