Mai son hawan dutse da keke, ya nemi ƙaramar tirela

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina son yi kan masu yawon hawan duwatsu da keke, waɗanda ke jan makwancinsu a bayan mota. Ba tirelar dakon kaya nake nufi ba. Ɗaki ne mai tayoyi, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, ana maƙala shi a ƙugiyar bayan mota. Ra'ayina shi ne, duk wanda keke ya fito da shi daga gida, to ƙaramar tirela ce tasa. Babbar ta fi daɗin zama, ban musa ba, amma ita ce ke nisanta mutum da dutsen da ya zo dominsa.

Hanyoyin keke na gaske ba a bakin kwalta suke ba. Sai an bi burji, an sha kwana mai matsi, an ratsa ƙarƙashin rassa, wani lokaci a tarar hanya ta ƙare babu wurin juyawa. Mai tirela doguwa, mita 9 ko 10, ba zai yi gigin shiga nan ba. Dole ya yada zango a sansanin da aka shirya wa manyan motoci, mai wuta da famfo, kullum da safe ya ɗora kekuna a mota ya tuƙa zuwa bakin dutse, da yamma ya sake saukewa. Mai ƙarama kuwa, mita 4 ko 5, yana buɗe ƙofa ya hau sirdi.

Ku ɗauki Moab a jihar Utah ta Amurka, inda mahaya daga ko'ina a duniya ke zuwa. Hanyar Slickrock da ke can ta kai kusan kilomita 17, a kan jan dutse zalla, kuma tun 1969 aka shata ta, asali domin masu babur. Lokacin zafi awon yakan haura digiri 38, ga dutse yana mayar wa mutum da zafin a fuska, babu inuwa. Wanda bai fara da sassafe ba ya shiga wahala, wani lokaci har da haɗarin rai. A kusa da bakin hanyar akwai sansanin Sand Flats, ba ruwan sha, ba wutar lantarki. Wanda ya iya kwana a nan shi ke cin sanyin safiya. Kuma ba zai iya kwana ba sai ya san lissafin abin da ya ɗauko.

Wannan lissafin shi ne zaman tirela, kuma shi ne ba a nunawa a hotunan da ake ɗorawa a Instagram. Ruwa ne kan gaba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 100 kaya ne na kilo 100 da mota za ta ja ta haura da shi. Daga cikinsa za a sha, a yi girki, a wanke kwano, a yi wanka. Mutum yakan koyi jiƙa jiki, ya rufe famfo, ya shafa sabulu, sannan ya buɗe ya ɗauraye. Keke kuwa ba ya samun wanka da tiyo. Da yamma za ka ga mahayi zaune a kan matakalar ƙofa, ya kifa keke, ya kama sarƙa da tsumma yana juya feda baya da ɗaya hannun, baƙin datti yana fita, sannan ya ɗiga mai a kan kowace gaɓa, ya sake gogewa don kada yashi ya manne. Ya matsa taya da babban yatsa, ya leƙa birki da tocila. Ni a wurina wannan sa'ar tana cikin mafi daɗin sa'o'in tafiyar, domin a nan mutum ke sanin kekensa.

Sai batir. Yawancin tireloli da batir mai bolt 12 suke aiki, farantin sola a rufi yana ciyar da shi. In aka yi fakin a inuwa don gudun zafi, sola ba ta kawo komai. In aka fito rana, ɗaki ya yi zafi. Kullum sai an zaɓi ɗaya. Firij mai aiki da gas kuma ba ya son karkata, shi ya sa abu na farko in an isa wuri shi ne daidaita tirela da katako a ƙarƙashin taya. Wani abu da ba na wasa da shi: kada a ɗumama ɗaki da murhun girki a rufe tagogi. Iskar gubar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a cikin barci. Na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska ta fi kowane kayan ado muhimmanci.

Inda mahaya suka fi yin ganganci shi ne loda. Ka'idar da aka sani ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar mota. Sai mutum ya rataya kekuna uku ko huɗu a can ƙarshen baya, gaba ya yi sakayau. A gangara, ko babbar mota ta wuce da iskarta, tirela ta fara kaɗa gindi kamar jelar kifi, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta fizgi motar. A wannan lokaci taka birkin mota da ƙarfi ƙara ta'azzara abin yake. Ɗaga ƙafa daga totur ake yi, a riƙe sitiyari a miƙe. Gara kekuna su hau kan motar, kaya masu nauyi kuma su zauna ƙasa, gaba da tayoyi kaɗan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka mai da harkar ta zama gasar girman kaya. Waɗanda suka fara wasan nan a yankin Marin na Kalifoniya, irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya suka gyara. A tseren gangara da suka fara a 1976 kusa da garin Fairfax, birki kan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Sai a 1977 Breeze ya ƙera keke na musamman don wannan aiki, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Dutsen ne ya ja su, da ɗan abin da ke hannunsu.

Amma wanda ƙaramar tirela ta kai shi lungu, nauyi ya ƙaru a kansa. A yawancin filayen gwamnatin tarayya a yammacin Amurka ana barin mutum ya yada zango har kwana 14 a wuri guda, sannan ya tashi. Babu mai kwashe masa shara, babu mai zubar masa da tankin bayan gida. Sai ya kai shi wurin da aka tanada. A hamadar Utah akwai wani baƙin ɓawo mai rai a saman ƙasa wanda ke riƙe yashi, taya ɗaya in ta taka shi sai ya ɗauki shekaru bai farfaɗo ba. Haka hawa hanya mai laka bayan ruwan sama: tayoyi su yanka rami, ruwa ya bi ramin, hanya ta zaizaye, masu aikin sa kai su zo gyara.

Na san masu iyali za su ce min yara uku a ɗaki mai mita 4, ga ruwan sama kwana biyu a jere, ga rigunan gumi rataye ko'ina sun ƙi bushewa, wannan ba hutu ba ne. Gaskiyarku. Ku ku nemi mai faɗi, ku kwana inda take iya shiga. Da mai hawa shi kaɗai ko su biyu nake. Kafin ka saya, yi hayar ƙarama ka gwada, ka cika tankinta, ka loda kayanka duka, ka kai ta ma'aunin manyan motoci ka ga ko motarka za ta iya da ita.