Sai ya gama muke tafa masa

Ranar da takardar jami'a ta iso, 'yata ta karanta mini cewa an ɗauke ta a shirin honas. Na ce mata ai wannan ba abin tsalle ba ne, mu ma takardar digirinmu ta gida da wannan kalma a jikinta. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba shi ba ne." Gaskiyarta kuwa. A Najeriya kalmar gadon Ingila ce, mai daraja ta ɗaya da mai ta uku duk suna fita da ita. A nan Amurka kuma wata ƙaramar makaranta ce a cikin babbar jami'a, wadda ake ware wa haziƙan ɗaliban digirin farko tun daga shekarar shigarsu.

Shekara biyu ke nan ina kallon abin ta kafaɗar yarinyar nan. A manyan jami'o'in jihohi, darasin shekarar farko yakan tara mutum ɗari biyu ko uku a zaure guda, malami yana can ƙasa kamar limamin idi. 'Yan honas kuwa ajinsu bai cika wuce mutum ashirin ba. Zagaye tebur suke yi, kowa ya zo da abin da ya karanta, a yi ta ja-in-ja, malami yana tsoma baki jefi-jefi. Su ake fara buɗe wa rajistar darussa kafin kowa, galibi da ɗakunan kwanansu daban, da mai ba su shawara nasu na kansu. A shekarar ƙarshe kowanne zai rubuta kundin bincike a hannun malami guda, ya kare shi a gaban kwamiti. Ba kujerar gado ba ce: makinka ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, wanda a wurare da yawa ya haura uku cikin huɗu, sai a ja maka kunne, in ba ka gyara ba a sallame ka.

Amurkawan ma aro suka yi. Wani Frank Aydelotte ne, wanda ya yi karatu a Oxford, ya dawo ya zama shugaban ƙaramar kwalejin Swarthmore a jihar Pennsylvania, ya kafa tsarin a 1922. Har yau malaman wasu jami'o'i ake gayyatowa su jarraba ɗaliban wurin, don kada mai koyarwa ya zama shi ne alƙali. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurkawa ya tashi, abin ya ƙara yaɗuwa a jami'o'in gwamnati. Kada kuma a ɗauka tsabar son ilimi ne kawai, akwai kasuwa a ciki. Jami'ar jiha ba ta son zaƙaƙuran yaranta su gudu Harvard, sai ta gina musu ɗan lungu mai kama da can a kan kuɗi mai sauƙi. Attajirai ma sun gane: a 1997 William Schreyer da matarsa suka bai wa jami'ar Penn State dala miliyan 30 saboda wannan sashe kaɗai.

Mu fa? Ni a wata jami'ar Arewa na yi digiri. In ba ka yi sammako ba a kan taga za ka ɗauki darasi. Akwai wani abokin karatunmu, ɗan ƙauye, shiru-shiru, da lissafi yake zo masa kamar ruwan sha. Shekara huɗu babu malamin da ya taɓa kiran sa ofis ya ce ga wani littafi, je ka duba ka dawo mu tattauna. Wanda ya fi lura da shi ma shi ne wanda ya gaya mana ranar farko cewa makin A na Allah ne, B nasa ne, mu yi kokawa a kan saura. Yaron nan ya haɗa sama da 4.5 cikin 5 da ƙarfin kansa. Ranar yaye ɗalibai aka kira sunansa, aka yi tafi, aka miƙa masa ambulan. Bayan shekara biyu ya samu tallafin karatu zuwa waje, kuma har yanzu yana can.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ba wai ba mu san darajar haziƙi ba, amma sai ya gama muke gane shi, kuma ladan da muke ba shi tikitin jirgi ne. Hukumar PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur, tana tura su waje, gwamnatin Jonathan ta fito da nata tallafin na masu daraja ta ɗaya a 2012, gwamnatin Kano ma ta kwashi ɗaruruwa ta tura. Madalla da hakan. Amma shekaru huɗun da ƙwaƙwalwar take ɗanya, waɗanda a cikinsu ake koyon yin tambaya, mun bar su ga haddar handawut.

Kuma mun taɓa iyawa. A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ana tace yara da jarrabawa, ɗan manomi da ɗan attajiri kwano ɗaya. Je ka asibitocin Kano ka tambayi likitoci inda suka yi sakandare. Sai dai yaron da aka tace a Dawaki, yana shiga jami'a ake juye shi cikin taro. Kai, ko makarantar zaure ta fi mu dabara: kowa da littafinsa, mai saurin ganewa malam ya ƙara masa, ba ya jiran kowa.

Ba zan ce a kwafo na Amurka yadda yake ba, don na ga inda yake yoyo. Ƙofar shiga ta dogara da sakamakon sakandare da iya tsara rubutun neman gurbi, wato ta fi buɗuwa ga wanda iyayensa suka tsaya masa. 'Yata tana da ɗaki shiru da laburare a bayan gida. Ɗan maƙwabcinmu da ke aikin dare a shago, wanda ban ga ta fi shi kai ba, sai 'yan honas sun gama zaɓen darussa yake tsintar ragowa. In muka ce makin JAMB ne mizani, 'yan makarantun kuɗi za su cika wurin, ragowar kujerun kuma katin manya ya cinye. Ni da za a ji tawa, a bar kowa ya gama shekarar farko a aji ɗaya, sannan a ɗauki goman farko a kowane sashe, da lamba ba da suna ba. A ba su malami guda, awa biyu a mako, ko a gindin darbejiya ne. Ba gini ake nema ba, lokacin malami ake nema.

Na san nan ne gizo ke saƙar. Malamin da ya yi wata takwas a yajin aiki a 2022, wanda takardun jarrabawa suka cika masa bayan mota, da wane bakin za ka ce ya ƙara aiki? Na tura wa wani tsohon abokin karatuna wannan shawara, yanzu shi ne shugaban sashensu. Ya aiko mini da saƙon murya, dariya ta ci kusan rabinsa, ya ce zaman Amurka ya sa na manta gida, in bari a biya su bashin alawus tukuna. Da daddare kuma sai ga wani saƙon: wai in tambayi 'yar tawa jerin abin da suka karanta a zangon farko, in turo masa.