Ka ga teku, ba ka ga kawunka ba

Wani yaro ɗan arewa ya je Legas yawon buɗe ido, hotunansa suna ta yawo a waya. Ga shi a bakin teku a Elegushi ya naɗe ƙafar wando, ga shi a kan gadar igiyar nan ta Lekki, ga shi cikin kwalekwale za shi Tarkwa Bay. Abin da bai shiga hoto ba shi ne, ƙanin mahaifiyarsa yana nan Agege, tsufa da ciwon ƙafa sun zaunar da shi, kuma a waya jikokinsa suka nuna masa cewa ɗan yayarsa na gari. Tsohon ya sa aka share ɗaki, aka ƙara sanwa. Har yaron ya hau jirgi ya koma gida bai leƙa ba. Wannan rashin mutunci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa abin ya ci min rai. Ya zama yayi. Mutum ya taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya zagaye Legas kaf, ya ga ruwa, ya ga dogayen gine-gine, bai ga jininsa ba.

An ce min wai cunkoso ne. Haba jama'a! Filin jirgin Murtala Muhammed da ka sauka a Ikeja yake, Agege kuwa maƙwabciyar Ikeja ce. Ka baro kawunka a bayanka, ka haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ka ƙara gaba har Lekki don ka taka gadar igiya mai mita 401, duk cunkoso bai hana ka ba. Sai da aka zo gaishe da tsoho ne hanya ta toshe? Tun watan Oktoban 2024 jirgin ƙasan Red Line yake ɗaukar fasinja daga Oyingbo zuwa Agbado, kuma yana tsayawa a Agege. Wanda ya yi niyya ya je.

Wata kuma ta ce ai ya tura masa kuɗi. Madalla, Allah ya saka. Amma kuɗin nan daga Kano ma ana iya tura shi. Zumunta a ƙafa take. Tsohon da ya goya ka kana tsumma ba lambar asusunka yake marmari ba, so yake ka durƙusa ka ce "Kawu, ina wuni, ya ƙarfin jiki?", ya dafa kanka, ya tambaye ka wa ya rasu wa ya haihu a gida. Masu cewa ba sa son ɗora wa mutane nauyi kuma, wa ya ce ka kwana? Kwana a otal ɗinka. Ka je bayan la'asar, ka sha ruwa, ka yi magariba da su, ka tafi.

Mu daina kewaye-kewaye, raini ne. Unguwar ba ta yin kyau a hoto, kwata a ƙofar gida, ɗaki ɗaya da labule. Abokinka na firamare yanzu albasa yake saukewa a kasuwar Mile 12, ɗayan yana fawa a mayankar Oko-Oba, wani yana gadi a irin layin da ka kama masauki. Kunyar a gan ka da su kake ji.

To bari in tuna maka su wane ne waɗannan mutane. Tun zamanin da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, kai tun kafin nan ma, iyayenmu suke gangarowa da shanu suna komawa da goro, har Agege ta zama zango. Su ne suka ga rikicin Idi Araba a 2002, suka ga na Mile 12 a 2016, suka binne nasu, washegari suka buɗe rumfa. Da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, matasansu da yawa sun wayi gari ba sana'a. Duk da haka ba su fasa aike gida ba. Gidaje nawa ne a arewa aka rufa da kwano da kuɗin Legas? Yara nawa aka biya wa makaranta? Wallahi wani ma da kuɗin kawun nan aka saya masa takalmin Sallah, yau shi ne ya wuce ta kan unguwarsa bai tsaya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa wanda yake son a yalwata masa arziki a tsawaita masa kwana, ya sada zumuncinsa. Ni idan na tuna tsohon nan zaune yana sauraron sallama, ƙwalla ce take cika min ido.

Kada wani ya ce na hana yawon buɗe ido. A je! A je Badagry a ga hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin ruwa, a shiga masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894, a ci tsire a Obalende. Amma ka fara da gidan naka. Shi da ya shekara talatin a garin ya ma fi kowa sanin inda za a kai ka da inda za a cuce ka, zai haɗa ka da yaro ya raka ka, ba ruwanka da 'yan tasha masu ninka wa baƙo kuɗin mota.

Af, tunda zancen teku ake, don Allah 'yan'uwana ku daina faɗawa ruwan nan da kaya a jiki saboda a ɗauke ku bidiyo. Wanda ya koyi iyo a kududdufin bayan gari bai san tekun Atlantika ba. Igiyar tana dukan ka ta gaba, ruwan da ke komawa yana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafarka, kafin ka yi ihu ka yi nisa. Masu sayar da kwakwa a wurin sun san inda ruwan yake ja, in sun ce ka matsa baya, ka matsa. Kuma ku riƙe hannun yara.