Gambiya ta juya wa koginta baya

A duk faɗin Afirka, in an cire tsibirai, babu ƙasar da ta kai Gambiya ƙanƙanta. Girmanta bai wuce murabba'in kilomita 11,300 ba, mutanenta kuma wajen miliyan 2.4 ne bisa ƙidayar 2024. Senegal ta kewaye ta gabas da kudu da arewa, sai ɗan bakin Tekun Atlantika mai tsawon kilomita 80 da ya rage mata ta yamma. A inda ta fi faɗi ma da ƙyar ta kai kilomita 50. Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka a 1889, kuma ba su ɓoye manufarsu ba: Ingila kogin take so, saboda haka aka yanka mata ƙasa daidai jikinsa, gaɓa biyu da ruwa a tsakiya.

Ra'ayina shi ne, babbar matsalar tattalin arzikin Gambiya a yau ba ƙanƙantarta ba ce. Matsalar ita ce ƙasar da aka ƙirƙira saboda kogi ta tattara komai nata ta koma bakin teku, ta bar kogin da mutanen da ke zaune a gaɓarsa.

Kogin Gambiya yana tasowa ne daga tsaunukan Futa Jalon a Gini, ya ratsa gabashin Senegal, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 kafin ya faɗa teku a Banjul, babban birnin ƙasar. Yana cikin kogunan Afirka da suka fi daɗin tuƙa jirgi. A zamanin cinikin gyaɗa, jiragen teku kan haura har Kaur da Kuntaur, su yi lodi, su juya. Garuruwa irin su Janjanbureh da Basse sun rayu ne da wannan zirga-zirga. Bayan samun 'yancin kai a 1965 aka fara shimfiɗa kwalta, motoci suka karɓe dakon kaya, farashin gyaɗa ya yi ta faɗuwa, fari ya zo a shekarun 1970 da 1980. Jirgin fasinja mai suna Lady Chilel Jawara ya nutse a 1984, kuma tun daga lokacin jigilar mutane ta kogi ba ta sake komawa yadda take ba. Ruwan da ya kasance babbar hanyar ƙasa sai ya koma shinge tsakanin gaɓar arewa da ta kudu.

Shingen kuwa ba 'yan Gambiya kaɗai ya dama ba. Yankin Casamance na kudancin Senegal yana bayan Gambiya ne, don haka duk tirelar da ta taso daga Dakar za ta Ziguinchor sai ta tsallake kogin a kusa da Farafenni, ko kuma ta yi doguwar zagaya ta Tambacounda. Shekara da shekaru jirgin fito ne kaɗai a wannan mashiga, kuma direbobi kan kwana da kwanaki a layi, kayan gwari na ruɓewa a bayan mota. Gwamnatocin Banjul sun daɗe suna kallon wannan wahala a matsayin jari. Tun zamanin Dawda Jawara, shugaban ƙasa na farko, ake maganar gada, ana ɗagawa. Yahya Jammeh, wanda ya yi mulki bayansa, ya fito da abin fili a farkon 2016, lokacin da ya ɗaga kuɗin tsallakewar manyan motocin Senegal daga sefa 4,000 zuwa 400,000 a dare ɗaya. Ƙungiyoyin direbobin Senegal suka toshe iyaka kusan wata uku, kuma kasuwannin Gambiya ne suka fi jin jiki. Wanda ke son sanin tsadar wannan shinge ya tuna jirgin ruwan Senegal Le Joola, mai jigila tsakanin Ziguinchor da Dakar, da ya kife a gaɓar Gambiya a Satumban 2002 da mutum fiye da 1,800. An yi masa lodi fiye da ƙima, gaskiya ne, kuma rashin tsaro a hanyoyin Casamance na cikin dalilan da suka tura mutane teku, amma wahalar hanyar mota ma tana ciki.

Sai a Janairun 2019, shekara biyu bayan tafiyar Jammeh, magajinsa Adama Barrow da shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, suka buɗe Gadar Senegambiya, wadda Bankin Raya Afirka ya ɗauki mafi yawan kuɗinta. Tsallakewar da ke cin yini ko kwanaki ta koma ta mintuna. Ƙasar ba ta rasa 'yancinta ba kamar yadda masu tsoro suka yi ta faɗa tun bayan rushewar tarayyar Senegambiya, wadda ta haɗa ta da Senegal, a 1989. Kuɗin da ake karɓa a bakin gadar ma ya zama abin da za a iya jinginarwa, domin a 2023 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 100 da asusun zuba jari na Africa50 a kan tafiyar da ita. Ana iya jayayya kan ko cinikin ya yi kyau, ni ma ina da shakku kan sayar da kuɗin gobe don biyan buƙatar yau, amma darasin gadar a bayyane yake: Gambiya ta fi samu idan ta zama hanya a kan idan ta zama cikas.

To amma gada tsallake kogi take yi, ba bin sa ba. A nan ne nake ganin aikin ya tsaya rabi.

A duba ginshiƙan da ƙasar ke tsaye a kai. Na farko yawon buɗe ido, wanda ya faro a tsakiyar shekarun 1960 da baƙi daga Suwidin. Otal-otal ɗin duk suna jere ne a ɗan zirin bakin teku daga Bakau zuwa Kololi da Bijilo, baƙin kuma suna zuwa ne lokacin sanyin Turai, daga Nuwamba zuwa Afrilu, yawancinsu sun biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun a gida. Da kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumban 2019, kaso mai tsoka na baƙin kakar ya ɓace kafin a fara ta, sannan korona ta biyo baya ta rufe sauran. Na biyu kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje ke aikowa, wanda Babban Bankin Gambiya ya lissafa fiye da dala miliyan 700 a shekara a 'yan shekarun nan. Ga ƙasar da dukan abin da take samarwa a shekara bai kai dala biliyan uku ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke riƙe da darajar dalasi, kuɗin ƙasar, shi ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti, kuma shi ke gina gidajen da suka cinye gonakin Kombo, yankin bakin teku da ke kusa da Banjul. Amma a bayan wannan kuɗi akwai samarin da suka bi ta Agadez da Libiya, ko suka hau kwale-kwale zuwa tsibiran Kanari, hanyar da a can ake kira "backway", wato ɓarauniyar hanya, kuma da yawansu ba su isa ba. Na uku shigo da kaya a sake fitar da su. Gambiya ta daɗe tana rage harajin kwastan don 'yan kasuwa su sauke shinkafa da sukari da atamfa a Banjul, su tura Senegal da Mali da Gini, wani ta ƙofa wani ta taga. Karya darajar sefa a 1994 ya rage ribar, harajin bai ɗaya na ECOWAS ya ƙara rage ta, Dakar kuma tana faɗaɗa tasharta tana gina sabuwa a Ndayane.

Ginshiƙan nan uku duk a bakin teku suke ajiye amfaninsu, kuma duk a wata ƙasa ake yanke shawarar makomarsu. Ba abin mamaki ba ne fiye da rabin al'ummar ƙasar yanzu suna cunkushe a Kanifing da Brikama da kewayen Banjul. Kuɗin gwamnati ma can yake bin su. Da aka zo karɓar taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi a Mayun 2024, babbar hanyar Bertil Harding aka faɗaɗa, aka yi mata gadojin sama. Hanyar ta yi kyau kuma ta rage cunkoso, ba na musu. Sai dai manomiyar shinkafa a Niani ko Fulladu, can cikin ƙasa, ba ta ga abin da ya canza mata ba.

Akwai masu cewa wannan ai hankali ne: a kai aiki inda mutane suke. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ba na cikin masu mafarkin a mayar da kowa ƙauye. Za su ƙara da cewa an yi wa cikin ƙasa aiki, an gyara hanyar gaɓar kudu da ta arewa, an gina gadoji a Basse da Fatoto da taimakon Sin a 2021. Haka ne. Amma mutane ba don son iskar teku suka taru a Kombo ba, sun gudo ne daga inda noma ya daina ciyar da su. In aka ci gaba da bin su da kwalta ba a taɓa dalilin gudun ba, kowace sabuwar hanya cika za ta yi cikin 'yan shekaru. Ga kuma abin da taswira ke faɗa: Banjul kanta a kan tsibirin yashi take, ɗan sama kaɗan da ruwan teku, zaizayar gaɓa kuma ta riga ta sa an taɓa jibge yashi don ceto bakin otal-otal. Tara dukiyar ƙasa duka a wurin da ya fi kowane fuskantar hawan teku ba dabara ba ce.

Abin da kogin zai iya yi wa ƙasar ya fi bayyana a shinkafa. Ita ce abincin yau da kullum, amma abin da ake nomawa a gida ba ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ake ci. Sauran daga Asiya da wasu wurare ake sayowa da dalar da 'yan ci-rani suka aiko. Alhali a tsakiyar ƙasar akwai wata baiwa da ba kowane kogi ke da ita ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, don haka idan teku ta cika takan tunkuɗo ruwan kogin baya har ɗaruruwan kilomita. A yammaci ruwan da ke hawa na gishiri ne, ba ya noma. Amma daga wajen Kuntaur zuwa gabas, ruwan daɗi ne ke hawa da sauka sau biyu a rana, ta yadda ƙofar ruwa da magudana mai kyau sun isa a shayar da fadama ba tare da injin ban ruwa ko man dizal ba. A kan wannan aka gina aikin Jahally da Pacharr a farkon shekarun 1980. Ya fara da albarka, daga baya ya lalace, kuma dalilan lalacewar sanannu ne: magudanai sun cike ba mai yashewa, injuna sun mutu ba kayan gyara, sannan an yi rikici kan filaye, domin mata ne ke noman shinkafa tun kaka da kakanni amma da aka gyara fadamun sai ikon su ya koma hannun maza masu gida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari gyara. Aiki ne na haƙuri wanda ba a yanka masa ƙyalle a gaban kyamara, shi ya sa ba ya burge 'yan siyasa.

Barazanar da ke kan wannan baiwa ita ce gishiri. A ƙarshen rani, idan ruwan da ke gangarowa daga Futa Jalon ya ja baya, ruwan teku kan kutsa fiye da kilomita 200 cikin kogin. Duk shekarar da damina ta gaza, sai ya ƙara gaba, ya kashe fadamun da ake nomawa a da. Nan ne maganar madatsar Sambangalou ta shigo. Za a gina ta ne a kan kogin a kudu maso gabashin Senegal, ƙarƙashin hukumar raya kogin ta OMVG wadda ta haɗa Gambiya da Senegal da Gini da Gini Bisau, kuma ana sa ran za ta ba da megawat 128. A Banjul an fi zancen wutar, kuma da dalili. Ƙasar da ta yi shekaru tana dogaro da tsofaffin injunan kamfanin wutar ƙasar, NAWEC, masu shan baƙin mai, har ta kai ga hayar jirgin ruwan Turkiyya mai samar da lantarki a 2018, dole ta yi murna da layin wutar OMVG da ya haɗa ta da maƙwabta, da kuma tashar hasken rana ta Jambur mai megawat 23. Amma ga Gambiya, ruwan madatsar ya fi wutarta muhimmanci. Idan aka riƙa sakin ruwa da rani bisa tsari, za a tura gishirin baya, filin noman rani ya ƙaru. Idan kuwa buƙatar lantarki kaɗai aka bi wajen buɗewa da rufewa, ambaliyar damina da ke ciyar da fadamu da wuraren haihuwar kifi za ta ragu, kuma ƙasar da ke can ƙarshen kogi ce za ta biya. Wannan ciniki ne da ya kamata a gama shi a rubuce tun kafin a cika madatsar, da ma'aunin ruwa na kowane wata, ba a bar shi ga zumuncin shugabanni ba.

Haka batun tashar jiragen ruwa. An ba kamfanin Albayrak na Turkiyya tafiyar da tashar Banjul, da alƙawarin gina sabuwa mai zurfi a Sanyang. Ko da an gina ta, Gambiya ba za ta kayar da Dakar a girma ba. Abin da take da shi wanda Dakar ba ta da shi shi ne ruwa mai ɗaukar kaya zuwa cikin ƙasa. Siminti da taki da mai da shinkafa kaya ne masu nauyi da ba sa sauri, irin waɗanda ke farfasa kwalta cikin 'yan damina. Kwantena a kan babban kwale-kwalen dako daga Banjul zuwa Kaur ko Kuntaur, daga can tirela ta ɗauka zuwa Basse da Tambacounda da hanyar Mali, zai buƙaci yashe wasu wurare, da gyara matsayar jirage biyu ko uku, da yarjejeniyar kwastan da Senegal wadda za ta hana a sauke kaya a kowane shinge. Ga ƙasar da bashi ya riga ya yi wa katutu, wannan ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sabuwar babbar hanya, kuma shi ne kaɗai tsarin da zai sa mai sito da mai gyaran inji da mai sayar da abinci su sami dalilin zama a Kaur maimakon hawa motar Serekunda, babban garin kasuwanci na kusa da Banjul.